Ranar Da Injin Gadina Timoti Ya Ƙi Mutuwa

Shagon ɗinkina a Gazara yana kallon ƙofar gidan Timoti ne, don haka abin da zan ba ku labari ba a bakin wani na ji shi ba. Ƙafata tana kan keken ɗinki, idona yana kan hanya, kuma a wasu wuraren ma da hannuna a ciki, Allah ya yafe mini.

Timoti ya yi shekara ashirin da biyu yana gadi a wani gidan saukar baƙi a Kaduna. Aiki ne na mutunci, babu wanda ya taɓa raina shi a kai. Amma da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya liƙa wa kalmar wutsiya. In an tambaye shi aikin da ya yi a birni, sai ya gyara hula ya ce gadina. In ka ce, gadi dai, sai ya ce ka je a wanke maka kunne, gadina ya ce, wato mai kula da furanni da ciyawar manyan mutane. Gaskiyar magana ita ce gadinan gidan wani mutum ne daban, Timoti daga kan bencin bakin get yake hango shi. Amma a wurinsa, shekara ashirin da biyu ana kallo ya fi zuwa makaranta. Muka bi shi da sunan don tsokana, shi kuwa yana amsawa da ƙirji a gaba.

Tsakanin ƙofar gidansa da hanya akwai wani ɗan fili, dangar kara ta raba shi da gonar raken maƙwabcinsa Malam Gambo. In ka shimfiɗa tabarma takwas ka rufe filin kaf. Wannan wurin na matarsa Bernice ne, wadda kowa yake kira Maman Anita. Duk shekarun da yake Kaduna, a nan take shuka kuɓewa da yakuwa da rama da gauta, daga nan miyar gidan take fitowa, da ita ta raini 'ya'ya huɗu. Mace ce marar yawan magana, irin wadda in ta ce to, sai ka kwana kana tunanin wace irin to ce.

Da damina ta kawo kai, Timoti ya ce shi ba zai zauna a gidan da baƙo zai ratsa ta cikin kuɓewa kafin ya yi sallama ba. Ya nuna mata hoto a wayarsa, kore shar, a kwance luf, ba tudu ba kwari. Ya ce haka yake son filin ya koma. Suka yi kwana uku ana abu ɗaya, a na huɗu Bernice ta kira ni da Malam Gambo mu zama shaida. Ta ce ta ba shi filin damina ɗaya. A ƙarshen watan Agusta za a yi masa taron godiyar ritaya a ƙofar gida. In ranar ciyawarsa ta yi kamar ta hoton, filin ya zama nasa har abada, ba za ta ƙara zancen kuɓewa ba. In ba ta yi ba, ta karɓi abinta, kuma shi da hannunsa zai nome mata.

Timoti ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ta fara neman inda za ta riƙa sayen kayan miya.

Bayan mako ɗaya ya tafi Kaduna ya dawo da buhu a bayan mota. Ya zazzage shi a gabanmu yana ta bayani, wai irin ciyawar gidajen manya ce, sai wanda ya san hanya yake samu. Malam Gambo ya sunkuya ya ɗauki reshe ɗaya, ya juya shi, ya dubi saiwar, ya dubi Timoti.

"Maƙwabci, wannan ai kiri-kiri ce."

"A gonarka take kiri-kiri. A nan sunanta kafet."

"Shekara talatin ina yaƙi da ita a cikin rake. Da ka yi magana, da na ba ka kyauta, har da amalanken da za ka kwasa."

Timoti ya ce matsalar manoma ke nan, komai suka gani kore sai su nemi fartanya. Ya dasa abarsa layi-layi, ya zuba mata takin zamani irin wanda ko masara ba ta samu, yana ba ta ruwa har ranar da aka yi ruwan sama. Ita kuwa kiri-kiri ba ta taɓa ganin gata irin wannan ba tun da Allah ya halicce ta. Ta miƙe, ta bazu, ta gayyato 'yan'uwanta na daji. Kafin Agusta ya shigo, kaza in ta shiga filin sai dai ka ji kukanta.

Kowa ya kawo shawara. Bernice ta ajiye masa lauje a bakin ƙofa. Malam Gambo ya ce a ba awakinsa kwana biyu. Ni kuma na ɗaga babban almakashina daga cikin shago na ce in da haƙuri wannan ma ya isa. Timoti ya kalle mu da tausayi. Ya ce ciyawa irin wannan ba a taɓa ta da kayan ƙauye, inji take so, kuma ni zan kai shi Ikara a mashin ɗina ya zaɓo da kansa.

Shagon da muka je na wani matashin magidanci ne mai suna Zakiyyu, yana sayar da injin ban ruwa da janareto da injin feshi. Mutum ne mai haƙuri, ya san kayansa. Ya jero mana injin yankan ciyawa kala uku a ƙasa. Na farko ƙarami ne marar nauyi, caji ake yi masa kamar waya, zaren roba ne a bakinsa yake juyawa ya tsinke ciyawa. Na biyu shi ma zaren ne, amma fetur yake sha. Na uku kuwa doguwar sanda ce ta ƙarfe, da ƙaho biyu na riƙewa kamar na keke, da majanyin ratayawa a kafaɗa, a bakinsa an ɗaura wuƙa mai baki uku da ta kai faɗin faranti. Zakiyyu ya ce kowanne da aikinsa, don haka sai ya san girman filin kafin ya ba da shawara.

Na buɗe baki zan ce tabarma takwas, Timoti ya taka mini ƙafa.

"In ka tsaya a wannan ƙarshen," in ji shi, "sai ka ɗaga murya kafin na can ƙarshen ya ji ka."

Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don Malam Gambo kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

Zakiyyu ya tambaya ko ciyawar mai laushi ce ko ta yi kauri. Timoti ya ce ta fi ƙarfin kaza, ta kusa fin ƙarfin akuya. Ya tambaya ko akwai ƙaya da ƙananan itatuwa. A lokacin wasu mutum uku masu sayen injin feshi sun matso suna sauraro, kuma Timoti in ya ga masu sauraro shi ke nan an rasa shi. Ya ce akwai ƙaya, akwai kututture, kwanan baya ma an ga gafiya. Zakiyyu ya girgiza kai ya ce ai wannan ba ciyawar gida ba ce, sharar daji ce, ƙananan nan biyu ba za su iya ba. Ya ture su gefe ya jawo mai wuƙar.

Na ja Timoti gefe na ce masa a kunne, mai cajin nan shi ne daidai da shi, ko Maman Anita za ta iya riƙe shi da hannu ɗaya. Ya ce ai matsalar ke nan. Injin da mace za ta riƙe da hannu ɗaya, in mutanen Likoro suka zo taro me za su je su faɗa a gida?

Zakiyyu ya fara bayanin yadda ake aiki da shi. Ya ce wannan ba ya shan fetur zalla, sai an sirka masa da mai. Timoti ya ce ya sani. Zakiyyu ya ɗauko wata 'yar kwalba ya ce ga man nan, ga ma'auninsa. Timoti ya ce ya mayar da kwalbarsa, gida cike yake da mai. Zakiyyu ya ce a tsince duwatsu kafin a fara, don wuƙar in ta daki abu mai tauri tana harbi. Timoti ya ce ya sani. Ya kai yatsa zai nuna wani jan maɓalli a jikin ƙahon dama, Timoti ya dafa masa hannu.

"Ɗana, lokacin da na fara wannan aikin ba a yaye ka ba."

Zakiyyu ya ce Allah ya ba da haƙuri, Baba. Ya sa takardar bayani a cikin kwalin, ya rubuta lambar wayarsa a jiki, ya raka mu har bakin hanya. Na ga yana kallonmu har muka sha kwana.

Haka muka kamo hanyar Gazara, Timoti a bayana ya saɓa sandar a kafaɗa, duk garin da muka ratsa sai ya ce in rage gudu.

Washegari da hantsi aka fara gwaji. Na bar wandon wani a kan keke na fito. Timoti ya zuba fetur, sannan ya shiga ɗakin girki ya fito da galan ɗin man gyaɗar Bernice. Malam Gambo, da ya leƙo ta saman danga, ya ce ai baƙin mai ake nufi, irin na ƙaramin janareto. Timoti ya ce shi ya sa janareton mutanen garin nan ba sa daɗewa. Janareto wuta yake bayarwa, dole ya sha baƙin mai. Wannan kuwa tsiro yake ci, man tsiro ne ya dace da cikinsa. Ya faɗi maganar da irin natsuwar da har ni sai da na ɗan yi shakka.

Ya ja igiya sau goma sha, injin ko tari. Ya tuɓe riga. Ya ja, ya ja, igiyar ta kuɓuce, gwiwar hannunsa ta samu bokitin da ke bayansa, ruwa ya kife masa a takalmi. Ya zubar da rabin haɗin ya ƙara fetur. A ja na wajen talatin injin ya yi atishawa, ya yi gurnani, ya tashi. Wani farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gidan. Da hayaƙin ya iso shagona, wallahi sai da yawuna ya tsinke. Ƙamshin suya ne sak.

Ba a yi minti ɗaya ba injin ya mutu don kansa. A daidai lokacin Azumi, matar Malam Gambo, ta fito da mayafi a karkace. Ita ce mai ƙosan unguwarmu shekara da shekaru. Ta wuce Timoti ba ta ko kalle shi ba, ta tsaya a ƙofa ta kira Bernice, ta ce ita ba ta hana kowa neman halal ba, amma in maƙwabciya za ta fara suyar ƙosai ai ko don zaman tare a faɗa mata. Bernice ta fito hannunta da kumfar wanki, ta nuna mata injin da haɓa. Azumi ta dubi injin, ta shinshina, ta dubi galan ɗin. Dariyar da ta yi sai da ta zauna a ƙasa.

Kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambaya ko Gadina ya sauke kaskon farko. Wani ya ce a zuba masa na yaji. Timoti ya ce hassada ce, ƙamshin alama ce ta injin yana samun lafiyayyen abinci.

Kwana biyar ana wannan. Injin zai tashi, ya yi hayaƙi, Timoti ya kai wuƙar ƙasa, ta kwashe ciyawa da ƙasa da saiwa ta watsa a bango, sai ya mutu. Filin ya koma kamar kan da aski ya ɓaci, nan sanƙo, can tuntu. Wata tsakuwa ta tashi ta huda buta, wata ta samu kwanon rufin shagona. Kajin unguwa suka daina bi ta layin. Timoti ya lura cewa da ya sassauta yatsa a kan totur, wato maɗannin ba shi wuta, injin yake mutuwa, sai ya zo wurina ya karɓi wani jan ƙyalle, ragowar rigar Kirsimeti. In zai tayar, sai ya ɗaure totur ɗin tam a ƙarshe, in ya gama ya kwance ya sa a aljihu. Da ƙyallen, injin yakan kai minti biyu kafin ya shaƙe. Kashe shi kuwa bai taɓa zama matsala ba, don bai taɓa rayuwar da za a nemi kashe shi ba.

Da ya ga Asabar ɗin taron ta matso, aiki bai yi rabi ba, sai ya juya abin ya zama shiri. Ya sanar a coci cewa da gangan ya bar ciyawar, a gaban baƙi za a ƙaddamar da inji, kowa ya gani da idonsa yadda ake yi a birni.

Ranar Juma'a da safe ya tafi Makarfi ɗauko kujeru da rumfa. Yana ɓacewa Bernice ta shigo shagona da takardar cikin kwalin a hannu, ta sa aka kira Malam Gambo. Ashe ta kira Zakiyyu a waya, ya yi mata bayanin da mijinta ya hana shi yi, daga farko har ƙarshe. Ta ce in taimaka in je in sayo man da ya dace, Malam Gambo kuma, da ya saba da injin ban ruwa, ya wanke fulogi da tanki.

Malam Gambo ya ce, "Maman Anita, kin san in injin nan ya yi aiki gobe, filin ya tafi ke nan?"

"Na sani, Malam."

"To don man gyaɗarki ne?"

Ta ninke takardar. "Mutane za su zo daga Likoro da Nasarawan Doya. Shekara ashirin da biyu yana buɗe wa wasu ƙofa suna wucewa ba sa kallonsa. Rana ɗaya ce tasa. Ba zan zauna a yi masa dariya a ƙofar gidana ba."

 Muka yi abin da ta ce, muka mayar da injin inda yake. Ba mu gwada shi ba don kada ƙara ta tona mana asiri. Ta tsince duwatsun da ta iya gani a cikin ciyawar. Ni kaɗai na san da zancen jan ƙyallen da ke aljihunsa, kuma na manta. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Aka kafa rumfa a bakin filin, igiyoyinta a ɗaure da turaku a cikin ciyawar. Maza suka zauna a ƙarƙashi, Fasto a tsakiya. Matan zumunta suka jeru a gefe da anko da tulunansu na kiɗa. Mu maƙwabta muka samu benci a bayan su. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka yi wa Timoti fatan alheri. Sannan ya shige gida ya fito da shirinsa: takalmin roba har gwiwa, baƙin tabarau, hular kwanon da ya ara a wurina, injin a rataye a jikinsa da majanyi an ɗaure ta gaba da ta baya.

Ya yi jawabi. Ya ce abin da za su gani, a Kaduna ma ba kowa ke gani ba. Ya roƙi afuwa cewa injin babba ne, yakan ɗauki lokaci kafin ya tashi, kada kowa ya ƙosa. Ya zaro jan ƙyallen ya ɗaure totur. A nan ne na tuna, na miƙe zan yi magana, ya ja igiya.

Ja ɗaya.

Ƙarar da ta tashi ba mu taɓa jin irinta a Gazara ba. Ba hayaƙi, ba ƙamshin ƙosai. Wuƙar ta ɓace don gudu. Timoti kansa ya tsorata, na ga bakinsa a buɗe a ƙarƙashin tabarau, amma da ya ji mata sun yi guɗa sai ya dake. Ya kai wuƙar ƙasa ya share sau ɗaya, ya share sau biyu. Maganar gaskiya, waɗannan shara biyun sun yi kyau. Ya juyo yana murmushi don ya ga ko mutanen Likoro suna kallo, injin ya juyo tare da shi, wuƙar ta samu wani tsohon dutsen murhu da ciyawa ta binne.

Abin da Zakiyyu ya kira harbi, ashe da gaske yake. Injin ya yi tsalle gefe ya ɗauki Gadina da shi. Ya yi juyi ɗaya cikakke. A juyi na biyu wuƙar ta tsinke igiyar rumfa ta dama, ta bi ta hagu. Rumfar ta yi ɗan tunani, sannan ta sauko a hankali ta lulluɓe Fasto da dattawa goma sha biyu. Matan zumunta suka watse, kowace da tulunta a ka. Ciyawa da ƙasa suka yi ta sauka a kan kulolin shinkafa.

Timoti yana ta ihu, ba a jin abin da yake cewa. Daga baya ya ce umarni yake ba mutane su ja baya, amma ni da nake kusa, abin da na ji shi ne, "Zai mutu, yanzu zai mutu!" Yana jiran injin ya shaƙe kamar kullum. Minti biyu suka wuce, injin sai ƙara lafiya yake. Ya so ya jefar, majanyi ya riƙe shi. Ya so ya kwance ƙyallen, ba shi da hannu na uku. Injin ya ja shi ya ratsa dangar kara kamar babu ita, ya shiga gonar Malam Gambo. Rake ya fara zubewa layi guda, tsaf, a gindi, Malam Gambo yana biye daga nesa hannu a ka yana salati.

A rake na wajen ashirin, ragowar igiyar rumfa da karan danga suka nannaɗe bakin injin, wuƙar ta cije. Yana ta gurnani a wuri ɗaya, Timoti yana karkarwa tare da shi. Bernice ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta ɗage zani kaɗan, ta bi ta inda ya huda dangar, ta zo ta bayansa. Ta miƙa yatsa ɗaya ta danna jan maɓallin nan.

Shirun da ya biyo baya, har kukan kurciya muka ji. Can daga ƙarƙashin rumfa muryar Fasto ta fito, yana tambaya cikin ladabi ko an gama ƙaddamarwar.

Da aka ɗage rumfa aka ga kowa lafiya, sai dariya ta ɓarke, irin wadda ba a iya tsayar da ita. Timoti ya cire hular kwano, gumi sharkaf, ciyawa har cikin kunne. Ko a lokacin bai saduda ba. Ya ɗaga murya ya ce wani ya taɓa masa inji, wannan ba halinsa ba ne, maƙiya ne suka canza masa mai don su kunyata shi, kuma sai ya gano ko wane ne.

Malam Gambo, da rake ɗaya a hannu, ya matso kusa da shi. Bai ɗaga murya ba, ni da nake gefensu kawai na ji. Ya faɗa masa wadda ta sa aka canza man, da ranar, da abin da ta ce a shagona, bai rage ko kalma ba.

Timoti ya saurara har ƙarshe. Ya juya ya dubi matarsa. Tana tsaye tana cire masa majanyin daga kafaɗa.

"Maman Anita, ke da za ki rasa filin?"

"Je ka wanke fuskarka, Baban Anita. Baƙi ba su ci abinci ba."

Aka tsince ciyawa daga saman shinkafa aka ci. Malam Gambo ya sa aka yayyanka raken da ya zube, ko da bai gama zaƙi ba, kowane baƙo ya tafi da guntu. Mutanen Likoro sun samu abin faɗa a gida, har ya yi musu yawa. Da yamma Timoti ya ɗauki injin da kansa ya kai gidan Malam Gambo ya ba shi haƙuri, ya ce ya riƙe, ya fi dacewa da bakin gona. Wannan ne karo na farko da ya faɗi gaskiya game da injin.

Ranar Litinin ban gama buɗe shago ba na gan shi a filin da fartanya, babu wanda ya tuna masa. Sai dai kiri-kiri ba baƙuwar da ake sallama da rana ɗaya ba ce. Ya nome, ta fito. Ya tone saiwa ya ƙona, ta ɓullo ta cikin kuɓewa. Har yau kowace safiya yana nan a duƙe, in ka tsaya gaisawa sai ya ce ka ga ingancin irin da ya zaɓo, na banza da tuni ya mutu.

Da Bernice ta ja kunyoyin shukarta, sai ta tsaya kafin ta kai bango. Ta bar masa kusurwa ɗaya a gindin taga, daidai faɗin tabarma guda. Washegari Timoti ya shigo shagona yana ta kewaye-kewaye, ya yaba ɗinkin da ke rataye, ya tambayi lafiyar keke. Daga ƙarshe ya ce a manyan gidajen Kaduna, ƙwararrun gadinoni da almakashi suke gama aiki, ko zan ara masa babban nan na kwana ɗaya.

Damina biyu ke nan. Da ƙaramin almakashi nake yanka shadda, yatsuna duk sun yi kanta. Sau uku ina tsallaka hanya da niyyar karɓo abina. Duk zuwan da na yi, sai in tarar da shi a durƙushe yana datse ciyawar tsinke-tsinke, ta kwanta luf, kore shar, kamar ta hoton nan na wayarsa. Ita kuma Maman Anita tana zaune a kujera a tsakiyar wurin, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kai, tana yanka kuɓewa a tire. Sai in gaishe su, in tambayi yara, in koma shagona.